A Daina Lulluɓe Tsatsa Da Fenti

Daga Wakilinmu, Fatakwal

Jama'a, yau ina so mu tattauna a kan wani abu da muke gani kullum a unguwanninmu na Hausawa a nan Kudu amma ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, watau tsatsar da ke cin jikin motocinmu da irin gyaran ganin-ido da muke yi mata. Duk wanda ya zaga wajen Bida Road a Anacha, ko Owerri Road a Inugu, ko Diobu a nan Fatakwal, da wuya ya rasa ganin tsohuwar mota a ƙofar wani gida, mai ita ya tuɓe riga yana gurza yana shafe-shafe ranar Lahadi da kasuwa ba ta ci. Wannan ƙoƙari abin yabo ne. Abin da ba na yabo ba shi ne yadda da yawanmu muke ƙarasa aikin.

Bari in fara da kaina. Shekara uku da suka wuce na sayi tsohuwar Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, daga hannun wani ɗan'uwanmu a Anacha. Fentinta sai ƙyalli yake, har abokai suna yi mini barka da arziki. Damina ɗaya kawai ta gani a Fatakwal, sai ƙasan ƙofofinta ya fara yin bororo kamar wanda ya ƙone da ruwan zafi. Ran da na ɗaga kafet ɗin wajen direba na danna sukudireba, sai ta zarce har na hango ƙasa. Da na ɓanɓare wurin, abin da na tarar shi ne kwali da murfin gwangwani, an laɓta musu fila mai kaurin yatsa an bi da fenti. A kan wannan ne na yi wata da watanni ina ɗora ƙafata, har na kai iyalina Kano na dawo.

Wanda ya taso a Arewa yakan raina tsatsa, kuma yana da dalili. Ƙarfe ba ya tsatsa sai ruwa da iska sun haɗu a kansa. A Kano ko Katsina damina wata huɗu ce zuwa biyar, ruwan shekara kuma sau da yawa ba ya kai milimita 1,000, sa'an nan rani ya zo ya busar da komai. A Fatakwal kuwa ruwan shekara ya haura milimita 2,000, ana yinsa wata takwas ko tara, ko ranar da ba a yi ruwa ba iskar a jiƙe take, ga kuma gishirin da take ɗaukowa daga teku, shi kuwa gishiri ƙara wa tsatsa gudu yake yi. Inugu da Anacha ba su kai haka ba, amma su ma sun fi gida ruwa nesa ba kusa ba, kuma ba mu manta da ambaliyar Kogin Kwara ta 2012 da ta 2022 ba, wadda ta shafi yankin Anacha. Motar da za ta shekara ashirin a Sakkwato jikinta garau, a nan tana iya ruɓewa kafin injinta ya gaji.

Sana'armu ma tana taimaka wa tsatsa. Buhun gishiri, takin zamani, kanwa, da fitsarin awaki da raguna da muke lodawa a but, duk masu cin ƙarfe ne in ba a wanke wurin ba. Bugu da ƙari, motocin da ake kira Beljiyam a nan Gabas, mu kuma mu ce 'yan Kwatano, da yawansu sun fito ne daga ƙasashen da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, saboda haka da ciwonsu suke isowa.

To, wani zai ce ai tsatsa muni ce kawai, tunda inji na tashi mota na tafiya. Nan ne kuskuren yake. Babbar mota irin ta ɗaukar shanu tana da shasi dabam, bodi dabam. Amma ƙananan motocin da muke hawa, tun daga Fijo 504 har zuwa Golf da Sienna, bodin shi ne ƙashin bayan motar. Ƙarfen kuwa siriri ne, yawancinsa bai wuce kaurin milimita ɗaya ba. A jikinsa aka ɗaure kujeru, da bel ɗin kujera, da ƙafafun motar. Idan dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi ya ruɓe, ranar da aka yi karo motar naɗewa za ta yi da mutanen ciki. Idan ƙasa ta huje, hayaƙin salansa yana shigowa, shi kuwa yana sa direba jiri da barci, har yakan kashe mutum. Bututun birki ma a ƙarƙashin motar yake bi, kuma shi ma tsatsa tana huda shi. Ku tuna fa da irin waɗannan motoci ne muke cika iyali da kaya mu kama hanyar Makurɗi da Lafiya da Akwanga in Salla ta zo, tafiyar wajen kilomita 1,000 daga Fatakwal zuwa Kano.

Ba ina cewa a zubar da tsofaffin motoci ba ne. Tun da aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a 2017, sa'an nan aka janye tallafin mai darajar Naira kuma ta faɗi a 2023, sayen wata mota ya fi ƙarfin yawancinmu. Ita kuma Fijo 504, wadda ta fara fitowa a Faransa a 1968, kamfanin Peugeot na Kaduna da aka buɗe a 1975 ya yi shekaru masu yawa yana harhaɗa ta, mota ce da aka san halinta, kowane bakanike ya iya ta. Mu da ke nan Gabas ma mun fi kowa sa'a, domin kayan gyara a ƙofarmu suke: ga kasuwar Nkpor da Mgbuka ta Obosi kusa da Anacha, ga Nnewi, ga Coal Camp a Inugu inda maƙera da masu walda suke tun zamanin da. Ƙofa sukutum ko wani yanki na bodi da aka yanko daga wata mota ana samunsu. Saboda haka wanda ya cusa kwali a rami ba shi da hujjar cewa ya rasa ƙarfe.

Ga abin da na koya bayan na sha wuya. Da farko a wanke motar sarai har ƙarƙashinta, a cire kujeru da kafet, a bi ta lungu-lungu da fitila da sukudireba: ƙasan ƙofofi, kewayen gilashin gaba da na baya, saman tayoyi, cikin but, da mazaunin batir inda ruwan batir ke ɗiga. Inda aka ga bororo a fenti, a sani tsatsa ce ta kumbura daga ciki, kuma abin da ke ɓoye ya fi wanda ido ya gani faɗi.

Idan tsatsar a sama take, ƙarfe bai huje ba, wannan aikin gida ne. A gurje da burushin waya da samfefa har sai farin ƙarfe ya fito, a wuce iyakar tsatsar da kamar faɗin yatsa biyu. A shafa ruwan kashe tsatsa da ake sayarwa a shagunan fenti, wanda ke mai da ragowarta baƙa, sa'an nan a bi da fentin fari mai hana tsatsa a ranar, kada a kwana. A Fatakwal in ka bar ƙarfe tsirara da yamma, da safe za ka tarar ya yi ja. Don haka ma ya fi kyau a jira hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ta ɗan bushe.

Idan kuwa ƙarfe ya huje, ko ya yi laushi kamar ganye, magani ɗaya ne: a yanke ruɓaɓɓen a jefar, a yanko sabon ƙarfe mai kauri daidai da na wurin, a yi walda. Mai walda na ƙwarai ɗiso-ɗiso yake yi yana barin wurin ya huce, domin zafi da yawa yana lanƙwasa bodi. Abin da aka fi mantawa shi ne bayan wurin da aka yi waldar. Wuta ta ƙone fentin ciki, in ba a shafe shi da fenti da giris ba, daga nan sabuwar tsatsa za ta taso. Fila kuwa aikinta shi ne daidaita 'yar lotsawa da siririn shafi a kan lafiyayyen ƙarfe. Ba ta ɗaukar nauyi, kuma tana shan ruwa ta riƙe shi a jikin ƙarfen. A ƙarshe a buɗe 'yan ƙofofin da ke ƙasan kowace ƙofa don ruwa ya riƙa fita, a kuma canja robar gilashi in ta tsage, in ba haka ba an yi aikin banza.

Akwai kuma inda ya kamata mutum ya san iyakarsa. Duk wurin da ke riƙe da ƙafar mota, ko sitiyari, ko bel, a kai wa gwani, a tsaya a kansa a ga abin da ya yanke da abin da ya mayar. Kada a kunna wutar walda kusa da tankin mai ko bututunsa sai an sauke su, a kuma cire kan batir. Kada a shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. A rufe hanci da ido lokacin gurza, a kori yara daga wurin, domin gidajenmu na haya tsakar gida ɗaya muke tarayya da maƙwabta.

Na san za a ce wannan hanya tana cin kuɗi da lokaci, alhali mai fila zai gama maka cikin kwana biyu. Gaskiya ne. Amma araha ba ta ado. Ni da na sayi aikin kwana biyu, sai da na biya sau biyu: kuɗin motar, da kuɗin yanke abin da aka ɓoye mini. Wanda ba shi da halin yin duka a lokaci ɗaya, sai ya fara da ƙasa da birki, ya bar kwalliya sai baɗi. Gara mota mai dabbare-dabbaren jan fenti wadda ƙashinta ke da ƙarfi da mai ƙyalli wadda ke jiran rami ɗaya ta rabe.

Abin da ya fi damuna shi ne cinikin da ke biyo baya. An mai da shi kamar wayo a shafe motar da ta ruɓe a Kudu, a haura da ita Arewa a sayar wa wanda bai san tsatsa ba, ko a sayar wa sabon zuwa da ya amince da kai don yarenku ɗaya. Malamanmu kullum suna faɗa cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin kayansa. Mu baƙi ne a nan, jarinmu na farko shi ne a ce Bahaushe in ya faɗi magana haka take. Mai saye kuma ya tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya ƙi kamawa, fila ce, sai a tambayi mai motar dalili.

Ina kira ga Sarakunan Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu, da shugabannin direbobinmu a tashoshi, da su sa ido a kan wannan al'amari. Motar da za ta ɗauki fasinja zuwa gida, a leƙa ƙarƙashinta kafin a yi mata lodi, kamar yadda ake duba taya da mai. Dillalin da aka kama da ɓoye ruɓa sau ɗaya a ja masa kunne, in ya sake a sanar da jama'a a masallaci. Matasanmu kuma da ke zaune ba sana'a, ga aikin gyaran bodi nan a Coal Camp da Nkpor, a shiga a koya, domin muddin ana ruwa a Kudu wannan sana'a ba za ta rasa kasuwa ba.

Allah ya kai mu gida lafiya, ya dawo da mu lafiya, amin.