Kafin ka yi ciko ka hau V8, zo mu yi lissafin harawar dawakan

1/ Zare ne, kuma yana da ɗan tsawo. Na rubuta shi ne domin samarin da ke hawa C300 ko IS350, zuciya tana raya musu su yi ciko su koma C43 ko C63 ko Charger mai V8. Ra'ayina a taƙaice: kuɗin cikon shi ne mafi sauƙi a cikin duk abin da za ka kashe. Biyo ni mu yi lissafi.

2/ Duk wanda ya taso a gidan da ake kiwon doki ya san sayensa rana ɗaya ne, amma harawa da dusa da kanwa kullum ne. Su kuwa motocin nan da ƙarfin doki ake auna su. C300 ta 2015 zuwa 2018 doki 241 gare ta. C43 ta 2017 tana da 362. C63 mai injin lita 4.0 tana da 469, C63 S kuma 503. Kowane doki a cikinsu sai ya ci.

3/ Mu tuna inda muka fito. Kafin 29 ga Mayu 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Ranar Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafi, cikin 'yan kwanaki ta haura 500, a Yuli ta kai 617 a Abuja, zuwa Oktoban 2024 ta tsallake 1,000. Yawancin shawarar mota da yayyenmu ke ba mu, a zamanin man 185 suka koye ta.

4/ Don sauƙin lissafi mu ɗauki lita a naira 1,000. Kai ka sa farashin gidan man unguwarku na yau. Mu ce kana yin kilomita 40 a rana: wurin aiki ko kasuwa, majalisa, zance, ka koma gida. A wata kilomita 1,200 ke nan. Alƙaluman shan mai kuma na hukumar kula da muhalli ta Amurka ne, na tuƙin cikin gari, na juya su zuwa lita.

5/ A kowace kilomita 100, da abin da zai kama a wata:
Corolla: wajen lita 8, naira 96,000
C300: wajen lita 10, naira 120,000
C63 mai injin 4.0: wajen lita 13, naira 156,000
Tsohuwar C63 mai injin 6.2: wajen lita 18, naira 216,000
Charger Hellcat ita ma a layin lita 18 take.

6/ Duba tazarar da ke tsakanin C300 da tsohuwar C63: naira 96,000 a wata. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Wato ƙarin man kaɗai ya fi albashin ma'aikaci guda. A shekara 1,152,000. Kuma ba a yi juye ba tukuna, ba a sayi taya ko ɗaya ba.

7/ Alƙaluman can ma na gwaji ne, da tuƙi na natsuwa. Ba su san cunkoson Kantin Kwari ranar Asabar ba, ba su san na Mararaba zuwa Nyanya da safe ba, ba su san zafin Afrilu da za ka bar injin a kunne esi yana aiki kana jiran mutum rabin awa ba. Sannan mu faɗi gaskiya, wa zai sayi V8 ya riƙa lallaɓa totur kamar mai ɗauke da kiret ɗin ƙwai? Abin da za ka gani a zahiri ya fi haka.

8/ Sai ingancin man. A cikin murfin tankin motar da ta zo daga Amurka za ka ga an rubuta 91. Wannan 91 ɗin ma'aunin Amurka ne, wanda ya yi daidai da wajen 95 a ma'aunin RON da ake amfani da shi a Turai da nan. Can gidan mai yana da famfo kala uku, ka zaɓa. Mu a nan kala ɗaya ne, wanda mai Keke Napep ya sha shi za ka sha, kuma oktan ɗinsa bai kai abin da injin nan ke nema ba.

9/ Me ke faruwa idan oktan ya gaza? Man yakan kama da wuta kafin lokacinsa a cikin silinda, injin ya riƙa ƙwanƙwasa. Na'urar da ke jin ƙwanƙwasar sai ta gaya wa kwamfutar motar, ita kuma ta jinkirta tartsatsin fulogi don ta kare injin. Ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Ka biya kuɗin doki 469, wasu suna ɗaure a turke, amma duk kana ciyar da su.

10/ Juye. Corolla lita 4 na baƙin mai ya ishe ta. Injin V8 na AMG yana shan wajen lita 8 da rabi zuwa 9, kuma ba kowane mai ba, sai wanda ya cika ƙa'idar da Mercedes ta gindaya, irin su 229.5. Ninki biyu a yawa, tsada a kowace lita, ga fargabar jabu. Da ƙurarmu da zafinmu kuma, mai hankali ba ya jiran kilomitar da littafin motar ya ce, yana riga ta.

11/ Taya. A C63 ta baya ta fi ta gaba faɗi, don haka babu zancen juya su gaba da baya don su ci daidai. Ƙarfin injin duk a ƙafafun baya yake sauka, su ke fara ƙarewa. Robar kuma mai laushi ce don ta kama titi, kamun nan shi ke cinye ta. Ga ta siririya a gefe: rami ɗaya a damina, taya ta kumbura, rim ya lanƙwashe.

12/ Birki ma haka. Motar da aka ƙera ta yi gudun kilomita 250 a awa dole a sa mata faifan birki da zai iya tsayar da ita. Faifan babba ne, kuɗinsa babba ne, kuma ba irin wanda za ka shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ka tarar a shago goma ka yi ta ciniki ba ne. Sau da yawa sai an yi oda daga Legas ko Dubai, motar tana gareji, kai kana hawa adaidaita.

13/ Oda kuwa dala ce. A tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 750 a kasuwar bayan fage, a 2024 ta haura 1,500. Kayan gyara na dala 200 ya tashi daga 150,000 ya koma 300,000, alhali ƙarfen bai canza ba. Samunka naira ne, cikin motar dala ne. Wannan kaɗai ya isa mutum ya zauna ya yi tunani.

14/ Tarkon da ya fi kama samari shi ne tsohuwar V8 mai araha. Dillali ya ce maka kuɗinta bai fi na C300 ɗinka da yawa ba, ciko kaɗan ne. Ba ƙarya ya yi ba. Amma C63 sabuwa a 2008 ta haura dala dubu 50 a Amurka. Farashin motar ya faɗi da shekaru, farashin kayan gyaranta bai bi shi ba. Ka saye ta a kuɗin talaka, za ka riƙe ta a kuɗin mai kuɗi.

15/ Kuma kowace tana da ciwon da aka san ta da shi. Injin 6.2 na AMG na shekarun farko an san shi da matsalar kusoshin kan injin. BMW M3 mai V8 ta 2008 zuwa 2013 an san ta da cin metal. Masu su a Turai da Amurka suna ware kuɗin wannan gyara tun kafin su saya. Mu a nan sai mu tambayi abu biyu: esi yana sanyi? Fenti na asali ne?

16/ Yawan canji shi kansa asara ne. Duk lokacin da ka yi musaya, dillali ya ci a wadda ka bayar, ya ci a wadda ka karɓa. Ga canjin takardu, ga inshora. Tun Janairun 2023 inshorar da doka ta wajabta wa motar gida ta koma 15,000, cikakkiya kuma ba ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota ba. Motar miliyan 40, miliyan 2 ke nan a shekara.

17/ Sannan ka tambayi kanka, me ya sa mai ita zai rabu da ita? Wani tafiya ce ta kama shi, wani gaba ya ci. Amma da yawa bakanike ne ya karanto musu lissafin abin da ke tafe, suka ga gara wani ya gada. Wanda ya canza mota uku a shekara biyu yana iya biyan bashin gyaran mutum uku da bai taɓa gani ba.

18/ Na san abin da za a ce: kuɗinsa ne, ina ruwanka? Na yarda. Ni ma ina son kukan V8, wallahi idan 6.2 ta wuce sai na waiga. Wanda samunsa ya kai, ya fitar da haƙƙin iyali da na iyaye, ya sayi abarsa, Allah ya sa alheri, ya tsare hanya. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Maganata da wanda bai san rariya ya saya ba ce.

19/ Inda ruwana ya shigo shi ne nan. Idan aljihu ya gaza, ba mai ake fara ragewa ba, tunda babu mai babu fita. Abin da ido ba ya gani ake ragewa. A sa taya 'yar gwanjo da ta shekara bakwai, a sa birki na jabu, a ɗaga juye zuwa wata mai zuwa, fitila ta kama a dashbod a rufe ta da sitika. Ƙarfin injin kuma yana nan yadda yake.

20/ Motar nan ce za ta hau titin Kaduna zuwa Zariya, inda ƙa'idar gudu ga ƙananan motoci ba ta wuce kilomita 100 a awa ba, a take ta ninki biyu don a ɗauki bidiyon allon gudu. Ita ce za a yi wasa da ita a ɗaurin aure, yara na tsaye a bakin titi. Idan tsohuwar taya ta fashe a wannan gudun, asarar ta wuce mai motar, ta shiga gidajen da ba su ci ciko ba, ba su sha daɗin kukan injin ba.

21/ Wani zai ce a mayar da ita gas mana, tunda gwamnati na ta tallata CNG. Ga motar haya da bas, dabara ce mai kyau. Amma tukunyar gas mai nauyi a but ɗin motar da aka auna nauyinta gaba da baya don ta sha kwana, da injin mai turbo biyu da kwamfuta ke sarrafa shi daƙiƙa bayan daƙiƙa? Idan sai ka yi haka za ka iya riƙe ta, amsar ta riga ta fito.

22/ Su kansu masu ƙerawar sun fara ja da baya. Sabuwar C63 da Mercedes ta fitar bayan mai 4.0 ɗin silinda huɗu gare ta, lita 2.0, da batir da injin lantarki. Dodge ta daina ƙera tsohuwar Charger da Challenger a ƙarshen 2023. Dokokin hayaƙi ne suka matsa musu, masoya V8 sun yi ta ƙorafi, amma ka ga inda iskar ke kaɗawa.

23/ To idan ka dage sai ka canza, ga abin da zan ce ka yi. Cika tankin motarka ta yanzu, ka rubuta kilomita, ka sake cikawa idan ya yi ƙasa, ka san ainihin abin da take sha. Nemi mai irin wadda kake so, ba dillali ba, ka tambaye shi nasa. Je kasuwa da kanka ka ji kuɗin taya huɗu, birki gaba da baya, da juye ɗaya.

24/ Kai motar wurin bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, a sa mata kwamfuta, a ɗaga ta a duba ƙasa. Duba lambobi huɗun da ke gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Sannan gwajin da ya fi duka: wata uku kana ware bambancin kuɗin, mai da gyara, kana ajiyewa a gefe ba ka taɓawa.

25/ Idan wata ukun suka wuce cefane bai girgiza ba, kuɗin makarantar ƙannenka bai makara ba, ba ka ranci ko sisi ba, bismillah, ga kuɗin tayarka na farko ma ka tara. Idan kuwa tun wata na biyu ka fara taɓa ajiyar, to ka gode wa Allah da ka gano a lissafi, ba a gareji ba. Riƙe C300 ɗinka, ka sa mata taya mai kyau.

26/ Masu V8 da ke nan, don Allah ku taimaki ƙannenku: lita nawa kuke sha a mako, kuma nawa gyaran ƙarshe ya ci? A faɗi na gaskiya, ban da na burga. Wanda kuma ya san abokinsa na shirin ciko, ya tura masa zaren nan kafin kuɗi su bar hannunsa.