Ku daina raina uwar da ke koyar da 'ya'yanta a gida

Jiya a gidan suna na ga abin da ya ɓata min rai. Wata baiwar Allah ta ce ita ke koyar da yaranta uku a gida, ba ta sa su makarantar boko ba tukuna. Kafin ta rufe baki aka yi mata caa. Wannan ta ce "ke Baturiya ce?", waccan ta ce rowar kuɗin makaranta ce kawai. Ba wadda ta tambaya ko yaran sun iya karatu. To sun iya, a gabana babbar ta karanta rubutun da ke jikin kwalin madara tiryan-tiryan.

Haba jama'a! Tun yaushe karatu a gida ya zama na Turawa? Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, a gida ta yi karatu. Ita ta kafa 'Yan Taru, mata na zuwa daga ƙauyuka su ɗauki ilimi a wurinta, su koma su koyar da 'yan uwansu a cikin gidaje. Turawan da ake mana gori da su ma daga baya suka farga. A Amurka wani tsohon malami, John Holt, ya fara wata mujalla a 1977, iyaye na aiko wasiƙu suna faɗin yadda suke koyar da yaransu. Sai a 1993 abin ya halatta a duk jihohinsu 50. A Jamus kuwa har gobe doka ta hana.

Ni dai ina jinjina wa iyayen nan da ba su ɓoye dabarunsu ba. Ku tuna watan Maris na 2020 da korona ta sa aka rufe makarantu wata da watanni. Da yawanmu zuru muka yi, yara na ta kallon talabijin. A wurin irin matan nan da muke wa dariya muka koyi ƙidaya da wake da murafun kwalba, da yadda awa biyu bayan karin kumallo ke isar ƙaramin yaro in an dage kullum. Ko sisi ba su karɓa ba.

Sannan wanda ya ga abin da ya faru a Ƙanƙara a Disambar 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, da wane baki zai zagi uwar da ta ce gara ɗanta ya yi karatu a gabanta?

Na san me za a ce: ina takardar shaida? WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu. Cuɗanya da yara fa? Ga Islamiyya, ga 'yan uwa cike da gida, ga yaran unguwa.

Amma kar a juya min magana. Ban ce kowa ya kwashe yaransa daga makaranta ba. Aiki ne ja, yana son lokaci da haƙuri da tsari, ba kowa zai iya ba. Wanda kuma ya cire yarinya ya ɗora mata talla, ba karatun gida yake yi ba, zalunci yake yi. Dokar UBE ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro ilimin farko na shekara 9.

In kin ga uwa ta zaunar da yaranta da allo da littafi, tambaye ta yadda take yi, kila ki ƙaru. In ba za ki tambaya ba, ki yi shiru. Allah Ya saka musu da alheri, Ya shirya mana zuri'a.