Da Rarrafe Yaro Kan Tashi: Raddi ga Masu Ɗora wa Sabon Shiga Arch Linux

Tun da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, tsofaffin kwamfutocin da matasanmu ke saya a titin Beirut suka shiga tsaka mai wuya, domin da yawansu ba sa ɗaukar Windows 11. Komawa ga Linux, manhajar da Linus Torvalds ya fara a 1991, hanya ce mai kyau kuma kyauta. Amma ina da ja da 'yan bana-bakwai masu ɗora wa sabon shiga Arch Linux, suna cewa ita ce ta gwanaye.

Arch, wadda ta fito a 2002, sabunta kanta take yi ba ƙaƙƙautawa. Masu kula da ita sun gargaɗi jama'a kada su sabunta wani ɓangare su bar wani, kuma sukan sanar cewa wani sauyin sai mutum ya gyara da hannunsa. To, ina ɗalibi a Panshekara ko magatakardan injin casar shinkafa a Kura zai samu wannan sukunin? A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da na data, ga shi kowace sabuntawa data take ci. Wuta kuwa, ko a nan Kumbotso da babbar tashar rarraba lantarki take, ɗaukewa take yi ba sallama. In ta ɗauke batir ya mutu ana tsakiyar sabunta ƙashin bayan manhajar, kwamfutar na iya ƙin tashi, lissafin buhunan manoman Bunkure na kaka guda yana ciki.

Suna cewa a cikin wahala ake koyo. Wannan hujja ce ga mai kwamfuta biyu. Wanda guda ɗaya gare shi, kuma da ita yake cin abinci, ranar da ta tsaya cinikinsa ya tsaya. Suna kuma cewa Arch ta fi sanin sababbin na'urori, alhali kwamfutocinmu 'yan Beljiyam ne da suka shekara goma.

Ubuntu kan fitar da bugu mai dogon tallafi duk bayan shekara biyu. Na Afrilun 2024 zai samu gyaran tsaro har 2029, haka ma Linux Mint 22 da aka gina a kansa. Waɗannan ya kamata a ɗora wa mai koyo. In hannunsa ya faɗa, ya san yadda ake ajiye kwafin aikinsa, sai ya gwada Arch da kansa. Duk wanda ya ɗora masa ita tun ranar farko kuwa, alhakin asarar da ta biyo baya yana wuyansa.