Tarkacen Samaniya: Tsintuwa Ce, Ko Dukiya Mai Masu Ita?

Duk wanda ya saba da kasuwar Illela ya san 'yan gwangwan, ya kuma san maƙeran da ke narka tsohon alminiyam su zuba tukunya. Mu a Garu ba mu raina wannan sana'a, domin Musulunci ya yi hani ga almubazzaranci.

To, ga shi masana a Amurka da Turai suna shawarar yin irinta a samaniya: a tattaro matattun taurarin ɗan'adam da gutsattsarin rokoki, a narka, a yi kayan gini da su a duniyar wata. Tun 1957 ake jibge su can. A 2007 ƙasar Sin ta harbe tauraronta guda, ya tarwatse gutsure fiye da 3,000.

Share ƙazanta alheri ne, ba musu. Amma dukiyar wa za a narka? Tauraron Nijeriya, NigComSat-1, an harba shi a 2007, ya mutu a 2008, yana can har yau. Ɗan gwangwan mai tsoron Allah ba ya ɗaukar ƙarfen gidan wani don ya ga ya yi tsatsa. Ko da tsintuwa ce, shari'a ta wajabta cigiyarta shekara guda. Hatta yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta bar mallakar abin da aka harba a hannun masu shi.

Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis ta binciken wata a 2022. Lalle ne mahukunta su fito su gaya wa talakawa, waɗanda da kuɗinsu aka sayi tauraron nan, wa zai nemi izininsu kafin ya taɓa shi, kuma nawa zai biya.