Tuƙi Cikin Maye: Tarar N5,000 Ko Diyyar Rai?

Ya ku 'yan uwa matasa, duk mai bin hanyar Malam Madori zuwa Haɗeja ya san ba giya kaɗai ke fitar da direba daga hayyacinsa ba. Ga Tramol, ga wiwi, ga kodin ɗin da gwamnati ta hana a 2018. Sai ka ga ɗan acaɓa ko direban haya ya afa ƙwaya wai don ya kori barci, alhali rayukan bayin Allah ne a hannunsa.

To, me doka ta ce? Dokar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta 2007 ta yanka wa mai tuƙi cikin maye tarar N5,000, ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba. In ya kashe rai da ganganci, ɗaurin na iya kaiwa shekara 7. A Shari'ar da Jigawa ta ƙaddamar a 2000 kuwa, haddin mashayi bulala 80 ne.

Amma hisabin Allah ya fi wannan nauyi. Ko kisan kuskure ne, aya ta 92 cikin Suratun Nisa'i ta wajabta diyya da kaffara. Diyyar raƙuma 100 ce, kaffarar a yau azumin wata 2 a jere. To ina ga wanda ya gusar da hankalinsa da kansa?

Don haka in ka ga idon direba ya juya, sauka tun a tasha, ka faɗa masa gaskiya, ka ankarar da fasinjoji. Shiru a nan taimakon ɓarna ne.

Allah Ya kiyaye mu. Wassalam.