Shaho biyu, baƙin kaka a Kore Mairuwa

Da zaran an fara yankan hatsi a Kore Mairuwa da sauran ƙauyukan Dallol Mauri, wasu baƙi biyu kan sauko daga arewa. Shaho ne masu shawagi ƙasa-ƙasa bisa gonaki da saura. Da Faransanci ana kiran na farko busard cendré, na biyu busard pâle. Suna isowa wajen Satumba da Oktoba, su koma a Maris ko Afirilu.

Ƴan'uwan juna ne, amma kama da wane ba ta wane. Namijin na farko launin toka gare shi, da baƙin layi a tsakiyar fiffike da jan zane a ciki. Namijin na biyu ya fi haske, cikinsa fari ne, baƙin kuwa a bakin fiffike kaɗai yake. Matan masu ruwan ƙasa ne, sai gwani ke rarrabe su.

Na farko yana ƙwai a ƙasa cikin gonakin alkama na Faransa, Sifen da Holan, inda injinan girbi ke hallaka ƴaƴansa. Duk da haka ƙungiyar UICN ba ta sa shi cikin masu fuskantar haɗari ba. Na biyu yana hayayyafa a filayen ciyawa na Rasha da Kazakistan, waɗanda noma ya cinye da yawa. Shi kam an sa shi cikin waɗanda suka kusa shiga haɗari.

Nan Sahel ma akwai damuwa. Masani Jean-Marc Thiollay ya ƙidaya tsuntsaye masu farauta a Nijar, Mali da Burkina Faso tsakanin 1969 da 1973, ya sake ƙidayar a 2003 da 2004, ya tarar galibinsu sun ragu ƙwarai.

Manomi yana da riba cikin zancen: na farko fara ce abincinsa, na biyu ya fi son ɓeraye da ƙananan tsuntsaye. Feshin magani barkatai yana gurɓata abincinsu, ƙonon daji yana ƙone ciyawar da suke kwana ciki. Dokar farauta mai lamba 98-07 ta 29 ga Afirilu 1998 tana nan, amma ma'aikatan gandun daji ba za su iya tsaron kowace saura ba. Ya rage ga magabata da iyaye su ja kunnen yara masu danƙo: wannan ba shirwa mai ɗaukar ɗan tsako ba ce, mai tsaron gero ne da ba ya karɓar lada.