Ruma: Suna a Sarauta, Kujera a Batsari

Wanda duk ya dubi tarihin yammacin ƙasar Katsina zai lura cewa gari yana bunƙasa ne inda hukuma ta ajiye kujerarta. Ruma ita ce babbar shaida.

A ƙarni na 19 Ruma garkuwa ce ga Katsina. Tana bakin daji, ta fuskar da mahara daga Maraɗi suke ɓullowa, mutanenta kuwa barade ne, har yau in ana zancen jaruntaka sai an ambaci Ɗanwaire. Amfaninta ga Sarki shi ne tsaron iyaka.

Da Katsina ta shiga hannun Turawan Ingila a 1903, Maraɗi kuma ta faɗa rabon Faransa, sai hare-hare suka lafa. Razdan bai da bukatar barade, haraji yake nema. Saboda haka a zamanin Sarki Muhammadu Dikko aka tsara ƙasa gunduma-gunduma, aka sa hakimai su zauna cikin ƙasashensu, aka kafa Baitulmali. Ita kanta Katsina sai da aka yi ta yawo da ita: daga Lardin Kano aka mai da ita Lardin Zariya a 1926, kana a 1934 aka haɗa ta da Daura ta zama lardi mai zaman kansa. Zaman Razdan da ofisoshinsa ya ƙara wa birnin nauyi, har ya zama babban birnin jiha a 1987.

Abin da ya ɗaukaka birni shi ya rage Ruma. Sarkin Ruma a Batsari yake zaune, Yarima kuma a Safana, garuruwan nan biyu kuwa su suka zama mazaunin ƙananan hukumomi, suka sami sakatariya da kotu da asibiti. Ruma ta tsira da suna cikin sarauta.

Laifin tsarin nan shi ne zaton da aka yi cewa daji ya yi shiru ke nan har abada. Ga shi kuwa Dajin Rugu ya koma mafakar mahara, kamar yadda kisan da aka yi a Tsauwa da Ɗankar a 2020 ya nuna. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Lalle ya wajaba ƙananan hukumomin Batsari da Safana su daina tara kome a hedkwata, su kai hanya da makaranta da jami'an tsaro garuruwan bakin daji, domin tsaron Batsari daga Ruma yake farawa.